Laƙabi a Turanci: ina “the” ke shiga, ina “as” ke fita? Tambayoyi da amsoshi

Bahaushe ba baƙon laƙabi ba ne. A gida ɗaya sai ka tarar da Auta da Gambo da Ummi da Baffa, kuma babu ɗaya a cikinsu da liman ya raɗa wa wannan suna. Inda gizo ke saƙar shi ne ranar da aka ce mutum ya yi bayanin haka da Turanci, a jarrabawa ko a wasiƙa ko a sharhin ƙwallo. Manyan kalmomi ba su cika ka da ɗalibi ba. Ƙananan ne ke yi: *as, by, for, of, after, under*, waɗanda malaman Turanci ke kira *preposition*, sai kuma *a, an, the*, wato *article*. Wanda ya taɓa nahawun Larabci sai ya tuna huruful jarri, ya kuma tuna alif da lam, domin aikin nasu ya yi kusa. Ga tambayoyin da aka fi yi.

Malam, me ya sa “they call him as Gambo” kuskure ne, alhali “he is known as Gambo” daidai ne?

Wannan ita ce uwar tambayoyin, kuma amsarta tana cikin Hausarmu. Saurari waɗannan jimloli: ana kiransa da Gambo, an san shi da Gambo, an san shi da kyauta, ka kira shi da sunansa, an yi masa laƙabi da Gambo. Kalma ɗaya ce ta ɗauki nauyin dukkansu, wato “da”. A Hausa “da” kamar kurar 'yan dako take, kowane irin kaya aka ɗora mata za ta kai. Turanci bai da irinta. Ya raba aikin gida-gida, wani wurin ma bai sa komai ba:

*They call him Gambo.* Babu komai tsakanin *him* da sunan.
*He is known as Gambo.*
*He is known for his generosity.*
*Call him by his name.*
*He was nicknamed Gambo.* Nan ma babu komai.

To ɗalibi yana jin “da” a ransa, sai hannunsa ya nemi abin da zai cike gurbinta, sai ya jawo *as* ko *with*. Maganin abin shi ne a haddace aikatau tare da abokin tafiyarsa, ba shi kaɗai ba. *Call, name, nickname* da *dub* suna manne wa sunan kai tsaye. *Know, address* da *describe* suna buƙatar *as*. Shi kuwa *refer* guda biyu yake ci: *they refer to him as Gambo*. In ka yar da *to* jimlar ta gurgunce.

Za ka iya cin karo da *named as* a jarida, kada ya ruɗe ka. *He was named as the new coach* na nufin an bayyana shi a matsayin sabon mai horarwa. Batun naɗi ne ko bayyana wane ne, ba raɗin suna ba.

To in ce “don't call me with that name”?

A'a. *Don't call me by that name*, ko kuma a taƙaice *don't call me that*. Duk inda kalmar *name* ko *nickname* ta fito da kanta bayan *call* ko *know*, to *by* ce ke gabanta: *she calls him by his nickname*, *I know him by name*. Inda sunan kansa ya fito, Gambo ko Asabe, *by* ta janye.

Mene ne bambancin known as, known for, known to da known among?

Kowace tana amsa tambaya daban. *As* tana gabatar da sunan. *For* tana gabatar da dalilin shahara. *To* da *among* suna gabatar da mutanen da suka san shi. *In* kuma wurin da aka san shi.

Ɗauki Firayim Minista Abubakar Tafawa Balewa. *He was known as the Golden Voice of Africa*: laƙabinsa ke nan. *He was known for his eloquence*: abin da ya jawo laƙabin ke nan, fasahar magana da daɗin murya. In ka musanya su ka ce *known for the Golden Voice of Africa*, Bature zai ɗauka wani shiri ne ko wani kamfani da mutumin ya kafa.

Ana iya haɗa su a jimla ɗaya: *Nnamdi Azikiwe was known to his admirers as Zik of Africa*. Akwai kuma wani salo gajere mai daɗi da marubuta ke so, inda ake yar da aikatau gaba ɗaya: *Abubakar, Garba to his friends, sells cloth in Kwari market*. Wannan *to* ɗin daidai take da “a wurin” ta Hausa: Garba ne a wurin abokansa.

Yaushe laƙabi ke ɗaukar the, yaushe ba ya ɗauka?

Nan ya kamata a zauna a natsu, domin akwai ƙa'ida, ko da yake ba ta rufe ko'ina ba.

Dubi kalmar da ke zuciyar laƙabin. Idan sunan wani abu ne na gama-gari da ake iya ƙirgawa, kamar mace, dutse, sa, birni, tuffa, to yawanci *the* na zuwa gaba. Margaret Thatcher ita ce *the Iron Lady*. Wata jaridar sojan Tarayyar Sobiyet ce ta laƙa mata shi a 1976, tun tana jagorar 'yan adawa, kafin ta zama Firayim Ministar Birtaniya a 1979, kuma maimakon ta ji haushi sai ta rungume shi. Daniel Amokachi, haifaffen Kaduna da ya taso a Ranchers Bees, shi ne *the Bull*. Dwayne Johnson *the Rock*. New York *the Big Apple*, Chicago *the Windy City*, Fatakwal *the Garden City*, Inugu *the Coal City*, Jos *the Tin City*, Nijeriya kanta *the Giant of Africa*. Dalilin *the* a nan a bayyane yake. Duwatsu da shanu da birane sun cika duniya, sai *the* ta ware ɗaya ta ce wannan da kowa ya sani ake nufi.

Idan kuwa zuciyar laƙabin sunan mutum ne, ko guntun suna, ko wata kalma da ba ta nufin komai a Turanci, babu *the*. Zik, Awo, Jay-Jay, Papilo, Pele. Haka *Honest Abe* na Abraham Lincoln, da *Uncle Sam* da ake yi wa gwamnatin Amurka. Misalin da ya fi fito da abin fili shi ne *Big Ben* da *the Big Apple*. Duka biyun sun fara da *Big*. Amma *Ben* sunan mutum ne, *apple* kuwa ɗan itace. Shi ya sa babbar ƙararrawar majalisar dokokin Birtaniya ba ta da *the*, birnin New York yana da ita. Af, ƙararrawar ce *Big Ben* a asali. Hasumiyar da take ciki an raɗa mata *Elizabeth Tower* a 2012, amma bakin jama'a bai saki tsohon suna ba.

Akwai rukuni na uku, inda kalmar gama-gari ta daɗe a bakin mutane har ta koma suna zalla. *Magic* na Earvin Johnson, *Tiger* na Eldrick Woods, *Mathematical* na Segun Odegbami, *Chairman* na Christian Chukwu. Babu mai cewa *the Tiger Woods*. Alamar da za ka gane su ita ce ana jingina su da sunan mahaifi kamar sunan yanka: Magic Johnson, Tiger Woods. Stephen Keshi, wanda ya ɗaga kofin Afirka yana kyaftin a 1994 ya sake ɗaga shi yana mai horarwa a 2013, yana tsaka-tsaki: za ka ga *Big Boss*, za ka ga *the Big Boss*, kuma dukansu sun zauna.

Sai 'yan tawaye. Las Vegas *Sin City* ce, babu *the*, ko da yake *city* kalmar gama-gari ce. Donald Trump kuma ana ce masa *the Donald*, da *the* a gaban sunan mutum, abin da ya samo asali daga yadda matarsa ta farko Ivana, wadda Turanci ba harshen uwarta ba ne, take faɗa. Irin waɗannan ba a gano su da ƙa'ida. Shawarata ga mai rubutu: in laƙabin na wani sananne ne, duba yadda jaridun ƙasarsa ke rubuta shi a tsakiyar jimla, ba a kanun labari ba, domin kanun labari na yar da *the* don tsimin wuri.

Shin akwai bambanci tsakanin “they call him a lion” da “they call him the Lion”?

Babba ma. Na farko siffantawa ne, ana cewa jarumi ne, zaki cikin zakuna. Na biyu laƙabi ne, in an ce *the Lion* kowa ya san wanda ake nufi. Akwai ma na uku. *They call him Doctor* na nufin da haka ake kiransa, ko da kemis kawai yake da shi a bakin kasuwa. *They call him a doctor* na nufin suna da'awar likita ne. *They call him the Doctor* na nufin ya zama inkiyarsa.

Masu kallon ƙwallo suna da labarin da zai riƙe musu wannan har abada. A 2004, José Mourinho ya zo Chelsea bayan ya ci kofin zakarun Turai da Porto. A taron manema labarai abin da ya ce shi ne *“I think I'm a special one”*, wato ina ganin ni ɗaya ne daga cikin na musamman. 'Yan jaridar Ingila suka cire *a* suka sa *the*, suka ƙara manyan baƙaƙe, sai ga *the Special One*. Da *a*, mutum ne yake yabon kansa cikin wasu. Da *the*, ya zama shi kaɗai, kuma sunan ya bi shi duk inda ya je. Har Jürgen Klopp, ranar da aka gabatar da shi a Liverpool a 2015, ya gina nasa a kan wancan ya kira kansa *the Normal One*.

Me ya sa ake cewa the Gunners da the Red Devils, amma Spurs babu the?

Laƙabin ƙungiya in jam'i ne yana ɗaukar *the*: *the Gunners* na Arsenal, wadda ma'aikatan masana'antar makamai ta Woolwich suka kafa a 1886, *the Blues*, *the Reds*, *the Hammers*, *the Super Eagles*, *the Black Stars* na Ghana, *the Indomitable Lions* na Kamaru. Aikatau ma jam'i ne: *the Gunners are top of the table*.

*Spurs* da *Wolves* daban suke, domin guntayen ainihin sunan kulob ne, Tottenham Hotspur da Wolverhampton Wanderers. Tunda ba a cewa *the Tottenham*, guntun ma ya gaji rashin *the*. Don haka Baturen Ingila zai ce *Spurs lost again*. Ba'amurke kuwa in yana maganar ƙungiyar kwando ta San Antonio, *the Spurs* zai ce, domin a can kusan kowace ƙungiya da *the* ake kiranta.

In ɗan wasa ɗaya ake nufi sai a koma *a* ko *an*: *he is a Gunner now*, *a former Red Devil*.

Laƙabin da ke da the, ko yaushe yake riƙe ta?

A'a, tana faɗuwa a wurare uku.

Na ɗaya, in kana kiran mutumin ido da ido. Ba za ka tsaya gaban mai laƙabin *the Boss* ka ce *good morning, the Boss* ba. *Good morning, Boss.* Na biyu, in mallaka ta zo gaba: *Britain's Iron Lady*, *Keshi's Super Eagles*, *our Eagles*. *The* da mallaka ba sa zama kujera ɗaya, don haka *Britain's the Iron Lady* ba Turanci ba ne. Na uku, in laƙabin ya koma yana siffanta wata kalma: *a Gunners fan*, *a former Super Eagles captain*. A nan *a* ɗin ta *fan* ce da *captain*, ba ta ƙungiyar ba.

Wurin da take tsayawa daram shi ne in an cusa laƙabin tsakanin sunaye biyu cikin alamar zance: Dwayne “The Rock” Johnson. Wanda ba shi da ita tun farko ba a ƙara masa: Austin “Jay-Jay” Okocha.

Da babban baƙi zan rubuta The ko da ƙarami?

A tsakiyar jimla ƙarami ya fi yawa a jaridu da littattafai: *a win for the Gunners*. Kalmomin laƙabin kansu kuwa da manya. In laƙabin yana cikin alamar zance, ko ya zama tambarin sana'ar mutum kamar na Dwayne Johnson, za ka ga babba. Abin da mai gyaran rubutu ba zai yafe ba shi ne ka yi babba a sakin layi na farko, ƙarami a na biyu.

Su Alexander the Great fa? Me the ke yi a tsakiya?

Tsohon salo ne na sarakuna: suna, sai *the*, sai siffa. *William the Conqueror*, wanda ya ci Ingila da yaƙi a 1066. *Suleiman the Magnificent*, sarkin daular Usmaniyya daga 1520 zuwa 1566. *Askia the Great* na daular Songhai. Ba a ƙara wata *the* a farko, kuma ba a sa waƙafi a tsakani. Lambar sarki ma haka ake karanta ta ko da ba a rubuta ba: Elizabeth II a baki *Elizabeth the Second* ce, Muhammadu Sanusi II kuma *Sanusi the Second*.

Wani salon da ya yi kama da shi shi ne a aro sunan wani a jingina shi da wuri. Gheorghe Hagi na Romaniya shi ne *the Maradona of the Carpathians*, Thomas Sankara na Burkina Faso kuma *the Che Guevara of Africa*, ko *Africa's Che Guevara*. Ka ga sunan mutum ya ɗauki *the* a nan, saboda *of* da ke biye ta mayar da shi wani nau'i: Maradonan wane wuri? Hausa na yin wannan da ɗan harafin -n kawai. In babu *of*, babu *the*: 'yan jarida sun kira Janar Babangida *Maradona*, haka zalla.

In laƙabin na Hausa ne ko na wani harshe, in sa masa the?

Laƙabin Hausa yana shiga Turanci ne a matsayin suna, babu *the*: *Gamji*, *Mai Gaskiya*, *Sai Masu Gida*. *Kano Pillars, nicknamed Sai Masu Gida*. Haka *Madiba* na Nelson Mandela, wanda sunan zuri'arsu ne. Amma in ka fassara shi sai ya bi ƙa'idar Turanci: Auta ya zama *the last-born*.

A kula da sarauta, domin ita ba laƙabi ba ce. *Ahmadu Bello, the Sardauna of Sokoto*: da *the*, da *of*, kamar *the Emir of Kano*. In muƙamin ya zo manne da suna sai ta faɗi: *Emir Ado Bayero*.

Laƙabin da ya zo da tasa *the* daga gida ba a ninka masa. *El, La, Los, Der, Les, al-* duk ma'anarsu ɗaya. Don haka *El Niño* na Fernando Torres, *La Pulga* na Messi, *Der Kaiser* na Beckenbauer, *Los Blancos* na Real Madrid, *Les Bleus* na Faransa, *al-Faruq* na Sayyidina Umar. *The Los Blancos* maimaici ne. Ana iya cire ta asali a sa ta Turanci, kamar yadda aka yi wa 'yan wasan Italiya: *the Azzurri*.

Nickname for ko nickname of?

Dukansu suna aiki, amma fuskarsu daban. *For* tana tafiya da *a*, kuma tana bayyana abin da kalmar ke wakilta: *the Big Apple is a nickname for New York*. Ita ce ta dace in sunan na kowa ne mai irin wannan hali: *Gambo is a nickname for a child born after twins*, *Tanko is a name for a boy born after several girls*. *Of* tana tafiya da *the*, kuma tana nuna mai shi: *the Old Lady is the nickname of Juventus*. In mai laƙabin mutum ne, mallaka ta fi sauƙi a baki: *Kanu's nickname is Papilo*.

*A* ko *the* a gaban kalmar *nickname* kanta ma ba wuya. In ba ka faɗi laƙabin ba, *a*: *he has a nickname*. In zai biyo baya nan take, *the*: *his strength earned him the nickname “the Bull”*.

Zan iya cewa “Garba is short for Abubakar”?

*Short for* ce daidai, ba *short of* ba, wadda ke nufin ƙaranci: *short of money* rashin kuɗi ne. Ta dace da Iro da Ibrahim, A'i da A'isha, Dije da Hadiza, Audu da Abdullahi. Turawa suna amfani da ita har ga waɗanda suka ɗan karkace, kamar *Bill* da William, *Bob* da Robert, *Peggy* da Margaret.

Amma Garba bai fito daga harufan Abubakar ba, haka Shehu da Usman, Binta da Fatima. Waɗannan abokan rakiya ne da al'ada ta haɗa. Bature zai gane ka in ka ce *short for*, sai dai zai yi ta neman Garba a cikin Abubakar bai gani ba. Na fi son *Garba is a traditional nickname for Abubakar*, ko *men named Usman are often called Shehu*. Ya fi gaskiya, kuma ya fi mutunta al'adar.

Yaya zan ce an yi wa kakarta takwara?

*She was named after her grandmother.* Amurkawa kan ce *named for*, ma'anar ɗaya ce, amma a jarrabawar WAEC ko NECO riƙe *after*. Haka ake yi wa wurare: *Bayero University was named after Emir Abdullahi Bayero*. Kada a ce *named from* ko *named with*.

Wannan jimla tana da amfani ƙwarai ga Bahaushe, domin da yawan laƙubbanmu alkunya ce ta haife su. Yarinya ta ci sunan kakarta, uwar ba za ta iya buɗe baki ta ambaci sunan surukarta ba, sai ta zama Ummi ko Mama. Da Turanci: *she was named after her grandmother, so the family calls her Ummi out of respect*. Lura da *after* a farko, babu komai bayan *calls her*, sai *out of* da ke kawo dalili. Sunan rana kuma *on* yake so: *he is called Danladi because he was born on a Sunday*.

Goes by, under the name, alias, a.k.a.: duk ɗaya ne?

Ba ɗaya ba ne, kuma kuskure a nan yana iya zama cin fuska.

*Goes by* na yau da kullum ne, babu zargi a ciki: *he goes by Baffa*, *she goes by the name of Ummi on Facebook*. *Answers to* ma haka, kuma *to* ɗin wajibi ce. A Turancin Nijeriya ana yawan jin *what name do you answer?*, amma a rubutu *answer to* ake so.

*Under the name* na wanda ya yi wani aiki ne da wani suna: rubutu, dambe, tafiya, buɗe asusu. *Vladimir Ulyanov wrote under the name Lenin*. *Muhammad Ali won Olympic gold in 1960 under the name Cassius Clay*, wanda shi ne sunansa na haihuwa kafin ya canza a 1964. Wannan ba laƙabi ba ne, canjin suna ne, kuma kalmarsa *formerly known as*.

*Alias* ta fi zama a takardun 'yan sanda da na kotu, don haka tana ɗauke da warin laifi. A fosta ta siyasa da katin biki a nan gida ana sa ta da kyakkyawar niyya, amma baƙo zai karanta ta da wata fuska. Ga dattijo ko malami ko ɗan kasuwa mai mutunci, rubuta *popularly known as* ko *better known as*. *A.k.a.* taƙaitawar *also known as* ce, *as* tana cikinta, kada a ƙara wata. Ta dace da hira da shafukan sada zumunta, ba wasiƙar neman aiki ba. *So-called* kuwa a guje ta gaba ɗaya. *The so-called Chairman* na nufin wai shi ciyaman, da gatse.

A ko an a gaban laƙabin harufa, kamar IBB da MKO?

Kunne ke hukunci, ba ido ba. Faɗi harafin farko da baki. M ana furta ta “em”, don haka *an MKO supporter*. *An IBB loyalist*, *an OBJ ally*, amma *a PMB supporter*, domin P da “pi” take farawa. Su kansu harufan in suna tsaye a matsayin suna ba sa ɗaukar komai: *IBB said*, ba *the IBB said* ba.

Kalmar *nickname* ma rikicin *a* da *an* ne ya haife ta. A Turancin ƙarni na 14 *ekename* ake cewa, ma'ana ƙarin suna. Mutane suna jin *an ekename* sai suka yanka ta a wani wuri, zuwa ƙarni na 15 ta koma *a nekename*.

Na rubuta “my friends call me names” ina nufin suna da laƙubba da yawa da suke kirana da su. Malamin ya ja layi. Me ya faru?

Ka ce abokanka suna zaginka. *Call someone names* zagi ne da baƙar magana. Abin da kake nufi shi ne *my friends have several nicknames for me*. Ka lura *for me* ce, ba *of me* ba, kuma ba *to me* ba.

A takardun hukuma fa, ina laƙabi ke shiga?

Ba ya shiga. Fom ɗin JAMB, rajistar NIN, fasfo, asusun banki: suna ɗaya, tsari ɗaya, rubutu ɗaya. Yaron da aka sa makarantar firamare da Danjuma, aka yi masa takardar haihuwa da Muhammad, zai sha zirga-zirga ranar da kwamfuta ta ƙi haɗa biyun. Ƙarshenta sai rantsuwa a kotu da ɗan akwatin sanarwa a jarida, mai ɗauke da jimlar nan da kowa ya sani: *formerly known and addressed as... now wish to be known and addressed as...* Iyaye su yanke shawara tun ranar sa yaro a makaranta.

Wajen gabatar da kai kuma, *my name is* ake cewa ko sunayenka huɗu ne, ba *my names are* ba. In kana son a kira ka da laƙabi: *my name is Abdullahi Musa, but please call me Audu*.

'Yan'uwa na Nijar da Kamaru da Chadi da suka yi karatu da Faransanci suna da nasu tarkon. A Faransanci *surnom* laƙabi ne. A Turanci *surname* sunan iyali ne, wanda mu kan cike da sunan mahaifi ko na kaka. In fom ɗin Turanci ya ce *surname*, abin da Faransanci ke kira *nom de famille* yake nema. Inda ya ce *other names*, sauran sunayenka na takarda yake so, ba wanda abokai ke kiranka da shi a majalisa ba.